Godiya ga ma'aikatan sashen yara da ɗakin gwaji na babban asibitin garinmu

Assalamu alaikum. Likitoci, malaman jinya da ma'aikatan ɗakin gwaji, sannunku da aiki.

Mu ma'aikatan lafiya ne na ƙananan asibitocin unguwanni, masu turo muku yaran da kaluluwa ta fito musu a wuya ko hammata ta ƙi sacewa. Mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, domin kun hana uwa zaman jiran sakamakon da ba ta san ranar fitowarsa ba.

Yawancin kaluluwar yara ba ta da haɗari. Ciwon maƙogwaro, ruɓaɓɓen haƙori, ƙurajen kai ko kunne mai ruwa ne ke tayar da ita. Tana zafi in an taɓa, tana gudu a ƙarƙashin yatsa kamar ƙwayar wake, kuma takan sace cikin mako 2 zuwa 4. A nan jira daidai ne, kuma mun ga yadda kuke yinsa: ku auna kumburin, ku rubuta santimita nawa ne a katin yaro, ku ce wa uwar, "Mama, ki dawo da shi ranar kaza." Amma wadda ta wuce santimita 2, ko ta haura wata guda, ko ta yi tauri babu zafi, ko ta fito a ramin da ke saman ƙashin da ya haɗa ƙirji da kafaɗa, ga zazzaɓi da gumin dare da rama, wannan ba kwa bari ta kwana. A ranar ake ɗibar jini a ƙirga ƙwayoyinsa, a ɗauki hoton ƙirji.

Inda aikinku ya fi burge mu shi ne neman tarin fuka, wanda kan ɓuya a kaluluwar wuya ko da yaro ba ya tari. Allurar gwajin fata sai bayan awa 48 zuwa 72 ake duba ta, shi ya sa ba kwa yinta ranar Alhamis, kada ranar dubawa ta faɗa ƙarshen mako a sake daga farko. Ƙaramin yaro ba ya iya kakin majina, haɗiye ta yake yi, sai kuka koma karɓar bayan gidansa ku saka a na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tarin fuka, wadda ke ba da amsa cikin kusan awa 2. Na'urar ba ta son zafin da ya wuce digiri 30, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, gwajin ya lalace ke nan. Kun haɗa ta da batirin hasken rana, kuna fara aiki da sanyin safiya.

Haka in an zuƙo ruwan kaluluwa da siririyar allura, ko an yanko ɗan nama. Kuna raba shi biyu: wanda za a duba a madubin likita a ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa, wanda za a nemi ƙwayar cuta a ruwan gishiri. Fomalin yana kashe ƙwayar cutar. Kuskuren kwalba ɗaya ya isa ya sa a sake yi wa yaro yanka, iyaye su sake asarar makonni da kuɗin mota.

Mun gode da tsayuwarku kan bincikar ko yaro ya sha maganin kemis. Ƙwayoyi irin su firedinisolon suna sa kumburi ya sace na ɗan lokaci, su ɓoye sankarar jini da ta kaluluwa daga gwaji. Ga kuma sankarar da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙin yaro, wadda kan ninka girma cikin kwana ɗaya ko biyu. Kwana guda ma a wurinta jinkiri ne. Kuna tambayar uwa abin da yaro ya sha ba tare da tsawa ba, shi ya sa take fito da kwalin daga jaka. Ko wadda ta kai shi wurin wanzami aka yi masa sakiya ba kwa kunyata ta.

Kuna kuma faɗa wa iyaye tun ranar farko cewa maganin tarin fuka kyauta ne, amma na watanni ne, ba a dainawa don kumburi ya sace.

Roƙonmu ɗaya: ku ci gaba da rubuta sakamako a bayan takardar da muka turo yaro da ita, don mu san wanda za mu bi gida mu duba. Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba yaranmu lafiya.

Naku,
Ma'aikatan lafiya na unguwanni