Wasiƙa daga Daura kan akwatin cajin Hajiya

Daura,
Juma'a bayan la'asar.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya Fatakwal da ruwanta? Mu nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari.

Bayan gaisuwa, akwatin cajin da ka aiko wa Hajiya, wato batirin nan mai ajiye wuta, ya iso, yana kuma aiki. Sai dai na yi maka 'yar ɓarna, gara ka ji daga bakina. Ranar da ya zo babu wuta, ni kuma ɗoki ya hana ni haƙuri, sai na kai shi shagon telan layinmu na jona a ƙaramin janaretansa. Ashe mai ya kusa ƙarewa. Injin ya fara tari, ƙwan shagon yana haske yana dushewa, kafin in kai hannu har na ji ƙauri. Cajar ta ƙone. Allah ya taƙaita, akwatin bai samu komai ba. Mai gyaran da ya sayar min da wata ya ce ƙananan injinan nan wutarsu ba ta tsayawa wuri ɗaya: a bar inji ya daidaita kafin a jona, a kuma zare kafin a kashe shi.

Tun daga nan na koma kan faifan sola, kuma shi ya fi kwanta min a rai. Ka san tun da aka cire tallafin mai a 2023, kunna inji don caji kaɗai ya zama almubazzaranci. Faifan wat 100 ne, akwatin kuma yana ɗaukar wat 500 na awa guda, a lissafin takarda ke nan awa 5. Ina! A hazon nan da ƙyar allon akwatin ke nuna wat 60, sai mu kai la'asar bai gama cika ba. Ƙura ce babbar abokiyar gaba. Da na goge gilashin da ɗanyen tsumma, nan take lambar ke hawa, don haka autan Hajiya ya samu aikin safe, ladansa kallon ƙwallo a waya. Na ɗora faifan a rufin kwano, na ɗan kishingiɗa shi yana kallon kudu, shi kuwa akwatin yana ɗaki cikin inuwa, don batirin lithium ba ya shiri da zafi. Abin da nake tunani bazara ce, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40.

Janaretan da ka ce za ka ƙaro, don Allah ka bar shi. Wayar wuta mai kauri nake so, kamar mita 5, don wadda ta zo da shi gajera ce, sai da na ɗora akwatin kan taga.

Hajiya na sa maka albarka. Yanzu fankarta na juyawa da dare, rediyonta kuwa ba ya shiru. Ka gaida madam da yara.

Naka,
amininka na Daura.