Wata tsohuwa ta ba ni kunya a Dutsen Tsukuba

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a? Ni ɗan Kano ne, ina karatu a lardin Ibaraki a nan Japan, don Allah a ɗan sam min fili in faɗi abin da ya tsaya min a rai.

Asabar ɗin da ta wuce abokan karatu suka ja ni hawan Dutsen Tsukuba. Ba wani dogon dutse ba ne, mita 877 ne kacal, shi ne ma mafi gajarta a cikin duwatsu 100 da Japanawa ke ji da su, ina shi ina Fuji mai mita 3,776. Shi Tsukuba kawuna biyu gare shi, Nantai namiji da Nyotai mace, kuma macen ce ta ɗara mijin da mita 6, wannan ya ba ni dariya ba kaɗan ba.

Bas ta sauke mu kusa da wurin bautarsu da ke gindin dutsen, na ɗaga kai na ce ai wannan ƙaramin alhaki ne. Akwai jirgin da igiya ke ja har sama, a 1925 aka fara buɗe shi, amma girman kai ya hana ni shiga. Wallahi Malam ko rabin awa ban yi ba gwiwoyina suka fara rawa, matakala ce ta itace da duwatsu ba ta ƙarewa, ga manyan bishiyoyi sun rufe sama ga gumi ya jiƙa riga sharkaf, na samu wani dutse na zauna ina haki sai ga wata tsohuwa da ta kai sa'ar kakata da sandunanta biyu, ta ce min konnichiwa, wato sannu, ta ƙara da gambatte, wato in daure, ta wuce abinta. Hanyar da ake yi a awa ɗaya da rabi sai da na haura awa biyu.

A sama kam gajiya ta biya. Gonakin shinkafa shimfiɗe kamar tabarma har iya ganinka, ranar da gari ya washe har Fuji ana hangowa. Akwai shaguna masu sayar da wani man shafawa wai shi man kwaɗo, sai na tuna masu tallar magani a Kasuwar Kurmi.

Da muka gama cin dunƙulen shinkafarmu na yi ta waige-waige ina neman inda zan yar da leda, abokina ya ce sa a jaka, a gida ake zubarwa. Ga jama'a maƙil, yara da tsofaffi, amma ko bawon alawa ban gani a ƙasa ba.

Nan ne fa Dala ta faɗo min. A gindinta na tashi, dutsen da tarihin Kano ya faro daga kansa, amma sau biyu tak na taɓa hawa, kuma hawan ƙarshe ledoji da wari ne suka koro ni, ni ma ɗin ban sauko da robar ruwan da na sha ba, ba zan ɓoye ba. Me zai hana makarantu da matasan unguwa su riƙa hawa duk Asabar kowa da ɗan buhunsa? In Allah ya kai mu hutu zan fara, mai so ya same ni a gindin dutsen bayan sallar asuba.

Naka,
Wani ɗalibi daga Tsukuba, Japan