Leda ba ta maye gurbin rana a sana'ar kilishi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu kilishi, musamman matasan da suka shigo da injin liƙe leda.

Na haura shekara 30 a sana'ar nan, a hannun mahaifina na koya. Tsohon, Allah ya jiƙansa, bai taɓa jin kalmar bakteriya ba, amma bai yarda a tsallake mataki ko ɗaya ba. A fere nama ya yi siriri har ka hango tafin hannunka ta cikinsa, a shanya ya bushe ƙayau, a tsoma a labu mai tunkuza da gishiri da citta da kanumfari da barkono, a sake shanyawa, sannan a gasa. In ka yi gaggawa sai ya ce, "Kai, rana ba ta gama nata ba."

Sai da 'yata ta shiga karatun kimiyyar abinci na gane hikimar. Ta ce ko a masana'antun Turai haka ake yi, ana tara wa ƙwayar cuta shinge bayan shinge. Bushewa ta hana ta ruwan da za ta hayayyafa, gishiri ya janye ragowar laimar, kayan yaji su ɗan rage mata ƙarfi, wuta ta kashe wadda ta yi saura. Kowanne shi kaɗai yana da kafa. Wutar ma da muke taƙama da ita: akwai ƙwayar da ke fitowa daga hannu ko hancin mai aiki, in ta samu nama mai danshi ta zuba dafinta, gashi ba ya karya dafin.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A daminar bara na sayi kilishi a wata tasha, leda mai kyau da hoton saniya. Na buɗe a gida sai ga hunhuna, nama laushi tiɓis. Na san abin da ya faru: hadari ya hana shanya, ga kilo ana so ya yi nauyi, aka liƙe da laimarsa. Cire iska daga leda kafin a liƙe ba ya busar da nama, kuma akwai ƙwayar da rashin iskar ne ma ya fi mata daɗi.

Masu cewa ai akwai firji, su tuna da Afirka ta Kudu. Tsakanin 2017 da 2018 ƙwayar listeriya ta kama mutum sama da 1,000, fiye da 200 suka rasu, kuma daga wani sarrafaffen nama da suke kira poloni ta fito. Ita listeriya ko cikin sanyin firji girma take yi. Ina ga mu da wutar lantarkin sai an ga dama?

Roƙona ga hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta NAFDAC da malaman duba-gari: su zo rumfunanmu su koya wa yara yadda ake auna bushewar nama kafin a liƙe, kada a tsaya kan lambar rajista kawai. Mu kuma mu rufe gadon shanya da raga saboda ƙuda da ƙura, wanda ya taɓa ɗanyen nama ya wanke hannu kafin ya taɓa gasasshe. Ni dai ranar da hadari ya haɗo ba na yanka, kwastomomina sun riga sun saba.

Naku,
Wani dattijo mai kilishi,
Kano.