Barka da Sallah daga cikin tanti

Assalamu alaikum Inna da Baba da duk mutanen gida. Barkanmu da shan ruwa na jiyan Arfa, barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi layyarmu, Ya maimaita mana da rai da lafiya.

Ƙarfe tara na dare ya wuce ina wannan rubutu, amma rana ba ta gama faɗuwa ba, haka bazarar Jamus take. Da safe na samu Idi a wani masallacin Turkawa, a cikin gini, ba fili ba. Ana sallamewa kowa ya kama gabansa, titi shiru kamar ba a yi komai ba. Ƙarfe goma na yi na koma bakin aiki.

Inna, kin sha tambayata wai wane irin aiki ne wannan. Ki ɗauka kamar gardawa masu wasa da kura, sai dai mu da katafaren tanti muke yawo gari-gari a manyan motoci. Ni ina ɓangaren wata dabba da Jamusawa ke kira Seelöwe, wato zakin teku. Ba ta da kamar zaki ko kaɗan. Jikinta sulɓi, kanta kamar na kare, haushinta ma na kare ne, tana da ɗan kunne ƙarami, tana tafiya a kan fikafikan da take iyo da su. Irin namu asalinsu gaɓar tekun Kalifoniya ce a Amurka. Namiji kan kai kilo 300, mace wajen 100. Uku muke da su, duk mata.

Aikina kifi. Tun dare nake fito da shi daga firiza, da safe in auna wa kowacce rabonta, wajen kilo 6 a rana, in cusa ƙwayar bitamin a cikin guda. Mai horar da su wata dattijuwa ce, kuma wallahi tunda na zo ban ga ta ɗaga musu hannu ba. Usur ne da sanda mai ƙwallo a baki. Dabba ta taɓa ƙwallon da hanci, a busa usur, a ba ta kifi. Daga nan ake ja da ita sannu-sannu har ta iya tafi, ta iya daidaita ƙwallo a hanci, gashin bakinta na taya ta jin inda ya karkata. In ta ƙi yi, matar takan yi shiru na ɗan lokaci, ta sake gwadawa. Abu ɗaya sai ya ci makonni.

Abin da ba na so shi ne layin hoto. Ana tashi wasa iyaye su biya kuɗi, yaro ya zauna a benci, ƙaramar cikin dabbobin ta ɗora masa jiƙaƙƙen hanci a kumatu, a ɗauka, ni in miƙa mata kifi ta bayan fage. Na farko da na biyar tana yi da marmari. In layi ya yi tsawo sai ta riƙa waiwayen tafkinta, ni kuwa raina ba ya so, don tana da haƙora kuma gajiya ba ta da kyau. An hana irin wannan wasa da namun daji a Ingila tun 2020, Faransa ma ta yi doka a 2021, nan dai ba a hana ba tukuna.

Yau da nake miƙa kifin, iyali na shiga hoto suna fita, sai ƙamshin gidanmu ya faɗo mini. Nan ba kasafai ake yanka rago a gida ba, doka ta tsananta a kai, galibi sai a mayanka. Na san war haka an rataye ragon, Inna ta soya kayan ciki, hanta da tumbi da yajin nan nata mai citta, yara sun zagaye kaskon ana korarsu suna dawowa. Gobe kuma babbar suya, Gwaggo a bakin murhu da doguwar matsama, mai na tafasa, a tsame a zuba a kwalla, wanda za mu yi wata muna sata. Na sayi naman rago a shagon Baturke na soya, ya yi laushi, amma ba shi ba ne. Babu hayaƙin itace a jikinsa.

Kada ku damu, ina cikin ƙoshin lafiya, abokan aiki ma sun taya ni ci, har wani ɗan Romaniya ya nemi ƙari.

A gaishe mini da Kawu da iyalinsa, da Yaya da maigidanta, da Liman da maƙwabta. Gwaggo kuwa a ce mata ina tuna ta kullum, ta rage tsayuwa a bakin wuta saboda ƙafarta, ta bar wa 'yan mata juyi, kuma tsokar da take ɓoye mini a ba Auta a madadina. Auta, ga hotona da zakin teku na turo ta wayar Yaya. Ka duba gashin bakinta da kyau. Ku ma ku taru a ƙofar gida da kayan Sallarku ku ɗauka ku turo mini, har da Baba, ko da zai ce ba ya so.

Ɗanku mai kewarku.