A Kai Yaran Karkara Su Ga Jami'a Kafin Su Cike Fom

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili a jaridarka in faɗi abin da ya hana gidana sakat tun bayan girbi.

Ni malamin firamare ne, ina kuma taɓa noma, a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Jahun. 'Yata ta fari za ta zauna jarrabawar JAMB bana, Turanci da adabi take so ta karanta don ta dawo ta koyar. Allah ya ajiye mu tsakanin jami'o'i biyu: ta Tarayya da ke Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ta jiha, da ta biyo baya a 2013. Mu da muka tashi tun kafin a yanke Jigawa daga Kano a 1991, mun san lokacin da mai neman digiri sai ya nufi Kano ko Zariya. Yau ga su a ƙofar gida. Sai dai gurbin zaɓin farko a fom guda ɗaya ne, kuma shi ake fara dubawa.

Nan kan gida ya rabu. Mahaifiyarta ta kafe a kan Dutse, don gwaggon yarinyar tana aure a can, za a samu mai sa ido. Yayana ya ce, "Ta Tarayya ai ta Tarayya ce." Malaminta ya ce 'yar jiha ta nemi ta jiha. A cikinsu babu wanda ya taɓa taka ko ɗaya.

Abin da ya tsorata ni shi ne na ɗan yayan nawa. Shekarun baya ya je rajista, layi ya yi tsawo, mai buga kwamfuta ya zaɓa masa makaranta da kwas, shi kuwa kunya ta hana shi tankawa. Shekara biyu ya yi yana fama da abin da ba ya so, ya dawo gida.

Don haka na sayar da buhun riɗi ɗaya, na ɗauke ta muka je duka biyun. A Dutse ta ga babban birni da hada-hadarsa, ta ɗan tsargu, amma idonta na ta yawo. A Kafin Hausa ta tarar da gari mai kama da inda ta tashi. Ni ina ta lissafin kuɗin mota da na abinci, ita kuwa ta zauna a gindin bishiya da ɗalibai mata tana tambayar abin da ban ma yi tunaninsa ba: mutum nawa ne a ajinku? Malami yana karanta abin da kuka rubuta ya maido muku da gyara? Ƙarfe nawa ake rufe ɗakin karatu? Wata 'yar wajen Auyo ta buɗe mata littafinta na adabi, suka fi awa suna magana. A hanyar dawowa ta ce, "Baba, yanzu na san abin da zan rubuta."

Yara nawa ne a ƙauyukanmu ke da uban da zai iya wannan tafiya? Lamunin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 zai iya rage nauyin kuɗin makaranta, amma ba zai nuna wa yaro inda zai iya zama shekara huɗu ba.

Roƙona ga shugabannin jami'o'in nan biyu, su ware rana ɗaya kafin buɗe rajistar JAMB, 'yan ajin ƙarshe na sakandare daga ƙananan hukumomi 27 su shiga aji su zauna, su yi hira da ɗalibai. Shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye su haɗa kuɗin mota.

Tawa dai Kafin Hausa ta sa a farko. Mahaifiyarta har yanzu tana mita, amma ta fara tanadar mata garin danwake da kuka.

Naka,
Wani uba daga ƙaramar hukumar Jahun, Jihar Jigawa