In ana maganar gyaran halin fursuna, a tuna da ganduroba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a jaridarku mai farin jini in faɗi wani abu da ya daɗe yana cin raina, ni tsohon ganduroba ne, na yi shekaru masu yawa ina riƙe makulli a gidan yari kafin daga baya a mayar da ni sashen da ke bibiyar waɗanda aka yi wa sakin talala, wato waɗanda aka sallama kafin wa'adinsu ya cika bisa sharuɗɗa. Kullum in na ji ana muhawara a kan gyaran halin fursunoni sai in ji ana ta maganar gini da cunkoso da kuɗin ciyarwa, duk gaskiya ne, amma da wuya ka ji wani ya ambaci mutumin da ke tsaye a bakin ƙofar nan dare da rana, alhali ta hannunshi gyaran zai bi in ma za a yi shi.

Bari in gaya maka yanda aikin yake. Da asuba kafin a buɗe ko ɗaki ɗaya sai an yi ƙidaya, ka bi ɗaki ɗaki kana leƙawa kana ƙirga kawuna, in lissafi bai cika ba ko da mutum ɗaya ne to ba mai tafiya gida, wanda ya kwana dutin dare haka zai tsaya da jajayen idanu har sai an gano inda kuskuren yake. Makullan nan suna ɗaure a ƙugunka kana jin nauyinsu duk inda ka juya, ƙarar ƙarfe in an ja ƙofa, warin ɗakin da mutane suka kwana a matse, wani yana tari, wani yana kiranka yallaɓai dan Allah yaushe za a kai ni kotu, kai kuma ba ka da amsar da za ka ba shi. Kai kaɗai ne wani lokacin a tsakiyar mutane da yawan gaske, ba bindiga a hannunka dan ba a shiga ciki da ita, abin da ke tsare ka kawai shi ne yanda ka zauna da su. Wallahi na ga abokin aikina da ya kai matsayin da ko a gidanshi in yaro ya buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura, ba ya iya zama ya ba ƙofa baya, matarshi tana cewa ya zama wani mutum daban, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya tambaye shi me ke damunka. A waje kuma mutane suna maka kallon mugu, in ka ce kai ganduroba ne sai ka ga fuska ta canza.

To mutumin da yake cikin wannan hali shi ake so ya gyara wani? Ai wanda bai samu barci ba, albashinshi ba ya kai shi ƙarshen wata, ƙarin girma ya maƙale shekara da shekaru, horon da aka ba shi kusan duk fareti ne da yanda ake kulle ƙofa, da ƙyar zai iya haƙurin sauraron matsalar wani. Kuma ta nan ɓarna ke shigowa, dan wanda ke cikin matsi shi ne masu kuɗi a cikin fursunoni ke fara lallaɓawa ya shigo musu da waya ko ƙwaya. Ba kare masu yin haka nake ba, na tsani abin, sun ɓata mana suna, amma na san ta inda ƙofar ke buɗewa.

Wannan fa ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, wanda aka fara tsarawa a 1955 aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela saboda shekara 27 da ya yi a tsare, guda 122 ne, kuma a cikinsu akwai inda aka yi magana ƙarara a kan ma'aikata, cewa a zaɓe su da kyau, a ba su aiki na dindindin, a biya su albashin da zai sa mutanen kirki su zo kuma su zauna, a riƙa ba su horo kafin su fara da kuma bayan sun fara. Su ƙa'idojin ne suka ce amfanin ɗauri shi ne a kare jama'a a kuma rage komawa laifi, suka hana a kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. Shi kanshi Mandela ai ɗaya daga cikin masu tsaronshi, Christo Brand, ya zama abokinshi har bayan fitowarshi. A ƙasar Norwe sai ganduroba ya yi karatun shekara 2 ana biyanshi kafin ya zama cikakken ma'aikaci, ana koya mishi doka da sanin halayyar ɗan adam da yanda ake kwantar da rikici da baki, kuma kowane fursuna akwai ma'aikaci takamaimai da ke bin lamarinshi, su zauna su yi hira, su tsara abin da zai yi in ya fita. Waɗanda ke komawa ɗauri cikin shekara 2 a can kusan kashi 20 ne cikin 100. Na san za a ce ai su masu arziki ne, haka ne, amma zama da mutum ka san sunanshi da abin da ya kawo shi ba sai da arzikin man fetur ba, lokaci yake so da isassun ma'aikata.

Yanzu mutanen da ke tsare a duniya sun haura miliyan 11, kusan kashi ɗaya cikin uku ma ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Mafi yawansu kuma wata rana za su fito su dawo cikinmu.

Fitowar nan ita ce inda na fi ganin abin tausayi. Akwai wani matashi da ba zan manta da shi ba, ya shigo yana ta faɗa da kowa, ko kallonshi ka yi sai ya taso maka, a hankali muka ja shi ɗakin koyon kafinta, na kan tsaya a kanshi in ga yanda yake gogar katako yana shafawa da tafin hannu ya ji ko ya yi sumul, har ya zama shi ke koya wa sababbi. Ranar da zai fita ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce baba ba za ka sake ganina a nan ba. Bai cika shekara ba na gan shi a layin sababbin shigowa, ya sunkuyar da kai ya ƙi haɗa ido da ni. Da na samu zama da shi ya ce min duk shagon da ya je neman aiki da an ji daga inda ya fito sai a ce ya dawo wani lokaci, ba shi da ko zarto nashi na kanshi, 'yan uwa suna ɓoye kayansu in ya shigo ɗaki, waɗanda suka karɓe shi hannu bibbiyu su ne tsofaffin abokan da suka kai shi ciki tun farko. Ranar na koma gida ban iya cewa kowa komai ba.

Wannan giɓin shi sashen sakin talala ya kamata ya cike. Aikin ba sa hannu a rajista ba ne kawai, ka je gidan mutum ka ga inda yake kwana, ka zauna da iyayenshi ko matarshi, ka taka ka je wurin mai sana'a ka ce mishi na san yaron nan, ka gwada shi, in ya yi ba daidai ba ni za ka kira. Makonnin farko su suka fi haɗari, musamman ga wanda ya taɓa shaye-shaye. Tun asali ma haka kula da masu laifi a wajen gidan yari ta faro, a 1841 wani mai ɗinkin takalmi a birnin Boston na Amurka, John Augustus, ya roƙi alƙali ya ba shi wani mashayi ya kula da shi maimakon a ɗaure shi, bayan sati 3 ya dawo da shi kotu a natse, kafin rasuwarshi ya tsaya wa mutane kusan 2,000. Shi kuma Alexander Maconochie, shugaban gidan yarin tsibirin Norfolk da ke gabas da Ostareliya, a 1840 ya kawo tsarin da fursuna zai tara maki da aiki da kyan hali ya matso da ranar fitarshi. Amma in aka jibga wa ma'aikaci ɗaya fayil fiye da ƙarfinshi, ba abin hawa, ba kuɗin zirga-zirga, to dole ya koma mai jiran mutane a ofis su zo su dangwala su wuce, na yi wannan zaman kuma na san bai gyara kowa ba.

Roƙona gare ka Malam Edita, ku tura wakilinku ya nemi izini ya bi dutin dare ɗaya da ma'aikatan gidan yari, ya kuma bi mai bibiyar 'yan sakin talala yini guda ya ga gidajen da yake shiga, sannan ku tambayi hukumomi fursuna nawa ke kan ma'aikaci ɗaya, wata nawa ake horar da shi, kuma wa yake zuwa wurinshi in abin ya fara taɓa mishi ƙwaƙwalwa. In kun buga amsar zan sake rubuto muku in Allah ya kai mu.

Na gode.

Naku,
Wani tsohon ganduroba