Wasiƙar Zango: Sabon Ajin Ƙididdiga ga 'Yan SS2

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu da masu riƙon ɗalibanmu.

Da fatan kuna lafiya, ya gida, ya iyali, ya haƙuri da mu? Wasiƙar wannan zango kusan dukkanta a kan magana ɗaya take, domin tun da muka ambata ta a taron iyaye da malamai, tambayoyi ba su daina zuwa ofis ba. Daga zango mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu buɗe aji na musamman na ilimin ƙididdiga ga 'yan SS2 masu sha'awa, kuma darussan irin waɗanda ɗalibi ke tararwa ne a shekararsa ta farko a jami'a.

Wani uba ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Malam, wannan ba lissafi ba ne? Ai suna yi." Gaskiyarsa, a lissafin WAEC da NECO akwai ɗan ƙididdiga: a ba yaro jerin lambobi ya fitar da matsakaici, ya zana jadawali. Amma a can miƙa masa lambobin ake yi, ba ruwansa da inda aka samo su. A wannan ajin kuwa daga nan ake farawa. Wa ya tattara? Su wa aka tambaya, su wa aka tsallake? Abin da aka samu ya isa a yanke hukunci da shi?

Duk wanda ya taɓa sayen buhun masara a kasuwar Sabon Gari ya san rabin wannan ilimi. Ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya zura hannu ciki ko a huda masa gefe da ƙasa ya gani, don ya san mai kyan ake ɗorawa a sama. Uwargida ma ba ta shanye tukunya don ta ji gishiri, juya miyar take yi ta ɗanɗana kaɗan. Sirrin yana wajen juyawar. A zaɓen Amurka na 1936 wata mujalla mai suna Literary Digest ta tattara amsoshin mutane fiye da miliyan 2, ta ce shugaban ƙasar na lokacin, Roosevelt, zai faɗi. Sai ga shi ya lashe jihohi 46 cikin 48. Akasarin sunayen da ta aika wa takarda daga kundin masu wayar tarho da masu mota ta kwaso su, wato masu hali, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu. Ba ta juya tukunyar ba, yawan abin da ta ɗiba bai amfane ta da komai ba.

Ga wani misali da malamin ajin yake son farawa da shi. Leburori tara na zaune a zaure, kowannensu na samun naira 50,000 a wata. Sai wani attajiri mai samun naira miliyan 5 ya yi sallama ya zauna. In aka haɗa aka raba goma, za a ce matsakaicin samun mutanen zauren naira 545,000 ne. Lissafin daidai yake, amma babu leburan da aljihunsa ya ƙaru da ko sisi. Yaron da ya fahimci wannan, in ya ji a rediyo an ce matsakaicin kaza ya tashi, zai tsaya ya tambaya kafin ya yi murna. Haka kuma a bazara cinikin ƙanƙara da zoɓo yana ƙaruwa, sanƙarau ma a lokacin yake yawaita, amma ba zoɓo ke kawo sanƙarau ba, yanayi ɗaya ne ya haɗa su. Saƙonnin magani da na siyasa da ake tura mana a WhatsApp, da yawansu a kan irin wannan ruɗani aka gina su.

Mu mutanen Zariya ba mu da uzurin ɗaukar wannan ilimi a matsayin baƙo. Irin masara na SAMMAZ, da gyaɗar SAMNUT, da waken SAMPEA da manomanmu ke shukawa, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru suka fito. Kafin a ce wani iri ya fi wani, sai an shuka su a ƙananan filaye da yawa, an yi ƙuri'a wajen rabon wane iri zai faɗa wane fili, an maimaita, sannan a auna ko bambancin amfanin daga irin yake ko kuwa wani ne ya dace da ƙasa mai kyau. Wani Bature, Ronald Fisher, shi ya tsara wannan hanya bayan ya kama aiki a gonar gwaji ta Rothamsted a Ingila a 1919. Likitocin Asibitin Koyarwa na Shika ma da irin wannan ma'auni suke karanta sakamakon gwajin magani. Tun kafin su duka, a Bagadaza ta ƙarni na 9, wani malami Balarabe mai suna Al-Kindi ya nuna yadda ake warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga yawan fitowar kowane harafi. Ina son yaranmu su san da wannan.

Yanzu maganar da ba na so a samu rashin fahimta a kanta. A Amurka akwai tsarin da ake kira AP Statistics, wanda hukumar College Board ta fara jarrabawarsa a 1997. Ana ba da maki daga 1 zuwa 5, kuma jami'o'i da dama a can suna ɗauke wa wanda ya ci da kyau kwas ɗin farko. Mun duba manhajarsu wajen shirya tamu. Amma ajinmu ba ya ba da irin wannan shaida. Ba zai maye gurbin JAMB ba, ba kuma IJMB ba ne, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa har ya kai ɗalibi aji biyu kai tsaye. Duk wanda ya ce muku takardar da za mu bayar za ta samar wa yaro gurbin karatu, bai faɗa muku gaskiya ba.

To me ya sa muka dage? Shekarun baya wata tsohuwar ɗalibarmu ta zo ofishina da kundin bincikenta na shekarar ƙarshe, idonta cike da hawaye. Ta sha wahalar raba takardun tambaya unguwa-unguwa, amma da aka zo nazarin alƙaluman sai ta kai wa wani mai shagon kwamfuta ta biya shi. Ranar kare kundin aka tambaye ta ma'anar lamba ɗaya a jadawalinta, ta kasa. Yarinya ce mai ƙwazo, kwas ɗin ƙididdiga ne ya zo mata a aji mai cunkoso, ta haddace ta wuce. Har yau abin yana damuna. Mai karanta likitanci, jinya, noma, tattalin arziki, aikin jarida ko koyarwa, duk sai ya haɗu da wannan fanni, kuma gara ya fara haɗuwa da shi a inda malami ya san sunansa.

Ba kowane yaro za mu ce ya shiga ba. Wanda har yanzu yake fama da lissafin aji, mu bar shi ya ƙarfafa wannan tukuna, domin kiredit a lissafi shi ne a gabansa. Don Allah kada a tilasta wa yaro saboda ɗan maƙwabci ya shiga. Amma ba sai gwanin lissafi ba, abin da ake buƙata shi ne naci da iya bayyana dalili a rubuce, kuma 'yan ajin fasaha da na kasuwanci suna da hakki daidai da 'yan kimiyya. Ina roƙon iyaye musamman a kan 'yan mata: a bar su su shiga.

Mun sa darasin ranar Alhamis bayan an tashi, ranar da galibin Islamiyyu ke hutu, kuma za a sallame su kafin la'asar. Babu ƙarin kuɗi. Kalkuletar da suke amfani da ita ta wadatar, sauran aikin a ɗakin kwamfutarmu za a yi. A ƙarshen zango kowane rukuni zai yi ƙaramin bincike, misali farashin mudun shinkafa a kasuwannin Tudun Wada, Samaru da cikin birni, don haka kada ku yi mamaki in sun dame ku da tambayoyi a gida.

Takardar amincewa tana hannun malaman aji. A sa hannu a dawo da ita kafin ranar hutu. Mai ƙarin tambaya kuma ya same ni a ofis kowace safiya bayan an shiga aji.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka. Wassalam.

Shugaban Makaranta